Reshen Cediya a Bokitin Fenti

Rana ta riga ta faɗi, inuwar katanga ta cinye tsakar gidan Abbagana Kaumi, ba abin da ya rage sai ɗan ja-ja a gefen sama. Haula, matarsa, tana kwashe tuwo a madafa. Sumayyat, autarsu da ta rage a gabansu, tana naɗe atamfar da ta yini tana ɗinkawa a ƙarƙashin rumfa. Shi kuwa maigidan yana tsugune a bakin magudana da buta, yana alwala yana mita, domin tun ranar da aka sare itatuwan Lambun En'e mita ta zame masa kamar goro. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a lambun nan. Yanzu in ya fara ba mai tanka masa. Haula ta gaji, Sumayyat kuma ta koyi yin shiru.

Yana cikin shafar kai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ƙara ɗaya, mai nauyi, sannan shiru. Ya ɗaga kai ya jira. Na biyu ya sauka, na uku ya biyo shi, ya gangaro a hankali ta kan kwano ya faɗo daidai gaban ƙafarsa.

"Wane marar tarbiyya ne wannan da magariba?" in ji shi.

Ya fita ƙofar gida da ruwan alwala a fuska. Layin fayau, masu tafiya masallaci sun riga sun wuce, ba kowa sai akuyar maƙwabta. Da ya dawo ya ɗauki dutsen ya juya shi a ɗan hasken da ya rage. Gefe ɗaya na dutsen farin fenti ne, kuma da hannunsa ya shafa fentin nan. Irin duwatsun da ya jera a gefen hanyoyin lambu ne, waɗanda ya ga tifa ta binne su da jar ƙasa sati biyu da suka wuce. Ya jefa shi bayan randa, bai ce wa kowa komai ba.

Wanda bai san Mubi ta da ba zai ɗauka Lambun En'e wani ɗan fili ne mai ciyawa. Ina! Lokacin da Abbagana ya kama aiki yana saurayi, lambun ya tashi tun daga titi har bakin mayo, wato kogin garin. Akwai maɗaci jere biyu, da dalbejiya, da mangwaro, da bencin siminti, da lilo, da wani fanfo mai tsartar ruwa wanda ba ya aiki sai ranar biki. A tsakiya akwai tsohuwar cediya da ta girmi kowa da komai a wurin. Tsofaffi sun ce a gindinta fataken Borno, kakannin Abbagana, suke sauke kaya tun Bature bai zo ba. Nan ake zuwa ɗaukar hoton Sallah da na Kirsimeti, nan ɗalibai suke karatun jarrabawa, nan wanda ya yi faɗa da matarsa yake zuwa ya huce kafin ya koma gida.

Sai aka fara yankar lambun kamar kabewa. Aka ɗebi gefen titi aka yi tasha. Aka ɗebi kusurwa aka ba wani mai gidan mai. Shekarar da aka gudu daga garin saboda rikici, da aka dawo an tarar 'yan gwangwan sun yi gaba da lilo, wayar shinge ma ta bi shi. Daga ƙarshe wani kwamiti ya zauna ya ce sauran filin shaguna sittin za a yi. Shekara uku Abbagana yana yawo da fayil a hammata, ofis zuwa ofis, ana ce masa oga ya fita, oga yana mitin, ka dawo ran Litinin. Takalmi biyu ya kashe a wannan yawon. Wani sakatare ma ya taɓa tambayarsa, yana danna waya, wai shi wannan lambun a wace unguwa yake.

Duk wannan kowa ya sani, don Abbagana bai bar kunnen kowa ya huta ba. Abin da ba wanda ya sani, har Haula, shi ne yadda aka ƙare. Kwamiti ba zai iya sare cediyar ba sai shugaban ma'aikatan lambu, wato shi Abbagana, ya sa hannu cewa cikinta ya ruɓe, tana iya faɗowa kan mutane. Cediya kuwa lafiyarta ƙalau. Amma ranar da suka tura masa takardar, sun haɗa masa da wata: fuloti mai lamba goma sha huɗu, da sunansa a kai. Ya tuna Sumayyat da kekenta na ɗinki a ƙarƙashin rumfa, masu kawo ɗinki suna tsallake kashin kaji kafin su iso gare ta. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ya sa hannu. Tun daga ranar muryarsa ta ƙara ƙarfi wajen zagin kwamiti.

Ana gobe za a yi saran, da la'asar, ya shiga lambun shi kaɗai. Ya bugi gindin cediyar da bayan adda sau uku, yadda hannunsa ya saba kafin ya taɓa kowace bishiya, ya sari reshe guda mai kaurin damtse, ya saɓa a kafaɗa. Ransa ya ɓaci har ba ya gani sosai. Mutum nawa suka gaishe shi a hanya bai amsa ba, bai kuma waiwaya ba. Da ya iso gida ya cika wani tsohon bokitin fenti da ƙasa, ya soka reshen, ya ajiye a lungun da ke tsakanin madafa da katanga. Abin tunawa kawai yake so. Sumayyat ce ta ɗauki nauyin ba shi ruwa kowace yamma, har ya fara fitar da 'yan ganye.

Jifan bai tsaya a ranar farko ba. Kullum da zarar ladan ya ɗaga murya da magariba, sai duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ana ciki. In aka kira isha'i sai su ɗauke cak. Maƙwabta suka hau katanga da tocila, suka kewaye layin gaba da baya, ba su ga hannun kowa ba. Abbagana ya ce 'yan kwamiti ne suke turo masa 'yan iska don su rufe masa baki. Ya faɗa da ƙarfi, ya maimaita a masallaci, amma shi kansa bai yarda da maganar ba.

Rana ta huɗu Haula ta shiga lungu ɗauko itace, ta fito ba itacen.

"Baban Sumayyat, akwai mutane a lungun nan."

"Waɗanne mutane? Ɓera ne."

"Ɓera yana cewa matsa?"

Ya je ya tsaya a bakin lungun. Da farko bai ji komai ba. Can sai ya fara ji, ƙasa-ƙasa, kamar gunagunin fasinja a motar da aka cika fiye da ƙima. Muryoyi da yawa, na maza da na mata, wasu na tsofaffi. Matsa. Matsa mana. Ka taka ni. Ina zan sa ƙafata? Ya ja da baya a hankali, ya ce wa Haula iska ce take bi ta ramin katanga.

Rana ta bakwai abin ya taɓa Sumayyat. Ta je ba reshen ruwa kamar kullum, aka ji kwanon ruwan ya faɗi. Ta fito daga lungun tana tafiya a karkace kamar mai ratsa cunkoso, ta shige ɗakinta, ta nufi ƙuryar da ke bayan ƙofa ta zauna. Ta naɗe gwiwoyinta har haɓa, ta manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ta sunkuyar da kai. Ɗakin nan da faɗinsa, ga katifa, ga tabarma, amma ta takure a wurin da bai fi faifai ba. Haula ta yi kira, ta yi jijjiga, ta yi kuka. Da aka yi ƙoƙarin miƙar da ƙafarta sai ta saki wata ƙara da ta sa aka sake ta ba shiri.

A haka aka ɗauke ta, a naɗe, aka sa a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Aka auna jini, aka yi hoto, aka yi allura, likita ya ce bai ga komai ba. Aka dawo da ita ta koma ƙuryarta. Ba ta magana, ba ta cin abin kirki sai kunun da ake ɗura mata da cokali. Kwana biyar ƙafafunta suka kumbura, fatar ta yi sheƙi, yatsun suka fara yin baƙi. Wata ma'aikaciyar jinya da ke layinsu ta duba ta ce in jini bai samu hanya ba nan da 'yan kwanaki, ƙafafun nan ba za su sake taka ƙasa ba.

Ko a wannan halin Abbagana bai daina ba. Da yamma ya zauna a ƙofar ɗakin yana cewa duk alhakin kwamiti ne, gobe zai koma ofis da fayil. Nan Haula ta juyo masa, matar da shekara talatin ba ta ɗaga masa murya ba.

"Lambu, lambu, lambu! An sare, an binne, an gama! Ga 'yarka tana ruɓewa a gabanka kana maganar fayil. In ba za ka je Maiha ka ɗauko Modibbo ba, ni zan je da ƙafata."

Da asuba ya kama hanyar Maiha.

Modibbo Jibrilla, malamin da ya yi suna wajen ruƙiyya, ɗan ƙaramin tsoho ne, siriri, mai farin gemu da idon da ba ya gaggawar ƙiftawa. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace da namiji. Sun iso Mubi da la'asar, Abbagana yana ta zumuɗi a shiga wurin yarinya, amma tsohon ya ce a ba shi ruwa tukuna. Ya sha, ya yi sallah, ya zagaya tsakar gida yana duban kowane lungu kamar mai son sayen gidan. Ya ɗauki dutse ɗaya daga tarin da ke bayan randa ya shinshina. A bakin lungun madafa ya daɗe a tsaye.

"Wannan itacen, daga ina?"

"Reshe ne kawai, Modibbo. Daga wurin aikina na da."

"To," in ji Modibbo, bai ƙara ba. Haushi ya kama Abbagana har ya ji kamar ya ɗauki tsohon cak ya kai shi ɗakin.

Sai da aka idar da magariba Modibbo ya shiga. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu nesa kaɗan da Sumayyat, Haula ta zauna kusa da 'yarta ta gyara mata mayafi, Abbagana ya tsaya a bakin ƙofa. A waje duwatsu sun fara sauka. Modibbo ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, Fatiha, Ayatul Kursiyyu, ya bi da Falaƙi da Nasi, ya koma ya sake. Jifan ya yi ta raguwa har ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi jifan nauyi, ko kukan tsanya babu.

Sumayyat ta ɗaga kai, karon farko cikin kwana shida. Idonta a buɗe, amma ba ita ce a ciki ba. Muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, a dushe, a gajiye.

"Ya isa, Modibbo. Kana ƙona mu, kuma ba mu da wurin gudu."

"Wane ne kai a jikin yarinyan nan?"

"Dada suke ce mini. Ni ce babbarsu."

"Ku nawa ne?"

"Gida ɗari da arba'in. A bokitin fenti." Kan Sumayyat ya juya a hankali har idon ya sauka a kan Abbagana. "Tambayi wancan, shi ya kawo mu."

"Ni?" in ji Abbagana. "Wallahi ban taɓa kiran aljani ba a rayuwata!"

"Ka buga sau uku ko ba ka buga ba? Ka saɓa reshe a kafaɗa? Ka yi magana da wani a hanya? Ka waiwaya? To me Nathaniel ya koya maka?"

Abbagana ya zame ya zauna a dokin ƙofa. Baba Nathaniel, mutumin Gude, shi ne shugaban lambu lokacin da ya kama aiki. Tsohon ya taɓa zaunar da shi ya ce masa kowace babbar bishiya da masu ita, in za a sare ta sai a buga musu sau uku, a ɗauki reshe a tafi shiru ba waiwaye, duk inda aka soka shi nan ne sabon gidansu. Abbagana ya yi dariya a ransa a lokacin, ya ce zancen mutanen da ne. Bugun nan uku kaɗai ya riƙe, don korar maciji.

Muryar ta ci gaba, tana jan magana kamar wadda ta daɗe tana neman mai saurare.

"Muna wurin nan tun fatake suna ɗaure jakuna a gindinmu. Jamus suka zo suka auna da igiya, muka matsa. Ingilishi ya zo ya shuka maɗaci a layi, muka ce to, an ƙara mana ɗakuna. En'e ta kewaye da waya ta sa benci, mutane suka cika wurin, ba mu taɓa ko ɗan yatsan wani ba. Mun ji sirrin rabin garin nan, ba mu kai wa kowa ba. Da aka yi tasha, Nathaniel ya yi mana ƙaura yadda ya kamata, bishiya bishiya. Da ya mutu wannan ya hau, aka sare na gidan mai, ko kallonmu bai yi ba. Muka riƙa kwasar yara da tsofaffi muna cusawa a cediya. Ranar da muka ji bugu uku, guɗa muka yi. Muka ce yau Kaumi ya tuna da mu, ya samo mana fili. Muka biyo shi kaf. Sai ga mu a bokiti, kusa da toka."

"Shi ya sa kuka kama yarinya?" in ji Modibbo, muryarsa ta yi kauri. "Yarinyan da yake ba ku ruwa? Wannan zalunci ne, Dada. Ba ka tsoron Allah?"



"Zalunci ne," in ji muryar. "Mun yi jifa kwana bakwai, mun yi magana, ya ce iska ce. Tsofaffinmu suna suma. Ba mu da ofis da za mu kai fayil."

"To yanzu za ku fita. Amma ka ji da kyau: ba yanka, ba jini, ba turare. Ba na wannan ciniki."

"Me zan yi da jini, Modibbo? Wuri nake nema."

"Ga duwatsun Sahuda, ba kowa."

"Da masu su. Kuma mu 'yan gari ne, mun saba da motsin mutane. A mai da mu ƙasarmu."

Nan Abbagana ya fashe. Ya miƙe yana nuna hanyar lambu da hannu, jijiyar wuyansa a tashe.

"Wace ƙasa? Babu! Sun raba ta kaf, shago sittin, ɓarayi marasa imani! Shekara uku ina faɗa ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Ko taku ɗaya ba su bari ba!"

Bakin Sumayyat ya motsa, wata dariya ta fito marar daɗi, gajeriya.

"Sittin. Na goma sha huɗun fa, na wane ne? Takardar da ke cikin aljihun babbar rigarka ta Sallah, sunan wa ke kai? Muna kan reshe muna kallo ranar da ka rubuta cewa cikinmu ya ruɓe."

Haula ta juyo ta dube shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunyar da ya yi sati huɗu yana binnewa da surutu.

"Saboda Sumayyat na yi," ya ce da ƙyar. "Shago nake so ta samu."

"Ga Sumayyat ɗin," in ji Haula.

Modibbo ya gyara zama. "Malam Abbagana, ni ban san al'adan masu lambu ba, ba zan ce gaskiya ne ko ƙarya ne ba. Zan iya ci gaba da karatu har su fita dole, amma zai ɗauki kwanaki, ƙafan yarinya kuma ba shi da kwanaki. Fili naka ne. Kai za ka faɗa."

Abbagana ya dubi yatsun 'yarsa da suka leƙo ta ƙarƙashin zani, baƙaƙe, a kumbure. Abin da ya sayar da mutuncinsa a kansa ke nan ake ce masa ya ajiye, kuma ba wanda zai dawo masa da mutuncin.

"Na ba su," ya ce. "Gobe da la'asar zan kai su."

"Gobe?" in ji muryar. "Kai da bakinka kake ce mana gobe? Sau nawa aka ce maka ka dawo ran Litinin? Yanzu, kafin isha'i. Ba rufi, ba siminti, muddin kana raye."

Modibbo ya sa ta rantse da Allah cewa in reshen ya shiga ƙasa za su fita gaba ɗaya, ba za su sake kusantar gidan nan ko wani ɗan Adam ba. Ta rantse sau uku. Shi ma Abbagana ya yi alkawari a gaban shaidu biyu.

Ya shiga lungu ya bugi bakin bokitin da bayan adda sau uku, ya zare reshen da ƙasar da ke jikin saiwarsa, ya saɓa a kafaɗa. Reshen da ya shigo da shi da hannu ɗaya yanzu sai da ya durƙusa kafin ya iya miƙewa da shi. Ya fita. Garin ya yi duhu-duhu, masu shayi suna kunna fitila, hayaƙin masu tsire ya kwanta a kan titi. Mutane suka yi ta gaishe shi. Wani tsohon abokinsa ya bi shi taku goma yana cewa, "Kaumi, lafiya? Kaumi!" Bai amsa ba. A bayansa yana jin sawu, da yawa, ƙanana da manya, har da jan ƙafar tsofaffi. Wuyansa ya yi ta son juyawa, ya cije.

Inda lambu yake a da yanzu jar ƙasa ce da turaku da tarin bulo. Wasu har sun kai ginin linta. Ya bi lambobin da hasken gidan mai har ya sami sha huɗu, wani ɗan fili tsakanin harsashin gini biyu, taku huɗu da taku biyar. Ya haƙa da adda, ya ratsa jar ƙasar tifa har ya kai baƙar ƙasar da ya sani, ya soka reshen ya danne gindinsa da tafin hannu. Kafaɗarsa ta yi sakayau. Wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen kunnensa, daidai lokacin da masallacin tasha ya kira isha'i.

Da ya dawo gida ya tarar da Modibbo a tsakar gida yana jan carbi. A ɗaki Sumayyat tana kwance a kan katifa, ƙafafunta a miƙe, Haula na matsa su da ruwan ɗumi tana kuka. An ce atishawa ta yi sau uku, ta ce, "Mama, ƙafata," sannan ta yi barci.

Sai da ta yi wata guda kafin ta taka da kanta. Cikin watan nan shaguna suka tashi hagu da dama, aka yi rufi, aka sa ƙofofin ƙarfe, mai sha uku ya fara sayar da kayan waya, mai sha biyar ya zuba buhunan siminti. Tsakaninsu aka bar wani giɓi kamar wawulo, da sanda guda mai ganye tara a tsakiya, Abbagana ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Masu shaguna suna ce masa Baba mai lambu, suna dariya. Mutum uku suka zo saye, ya ce ba na sayarwa ba ne. Kwamiti ya aiko masa da takarda cewa fulotin da ba a gina ba ana iya karɓe shi, ya sake ɗaukar fayil ya koma yawon ofis, wannan karon a kan taku huɗu da taku biyar.

Wata la'asar yana tsugune yana cire ciyawa, ya ga inuwa a kansa. Sumayyat ce, ta rame, tana dogara bango, ta zo da ƙafarta tun daga gida. Haula ta gaya mata komai. Ta tsaya tana duban wurin, bango zuwa bango, ya ga idonta yana auna inda keke zai zauna, inda za a rataye ɗinki, inda mai jira zai sa kujera.

"Da ya yi kyau," ta ce.

"Da ya yi," in ji shi, bai ɗago ba.

"Baba, saboda ni ka sa aka sare ta. Saboda ni kuma ka dasa wannan. Duka biyun ba wanda ya tambaye ni."

Ya ci gaba da cire ciyawa. Ta daɗe tana kallon ganyen nan tara. Sannan ta sunkuya a hankali ta taɓa ƙasar gindin, ta ji ta bushe, ta yi tsaki. Ta ɗauki jarkar da ke gefensa ta nufi mayo. Ya so ya ce ta bari, da nisa, ƙafarta ba ta yi ƙwari ba, amma ya ƙyale ta. Ya zauna a kan jar ƙasa yana kallon ƙafafun nan, dama, hagu, dama, har ta sha kwanar shago na ashirin.